Shaidar Ƙarfe: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Keke

Da wuya ka sami tsohon keke a ƙasar Hausa wanda ba shi da labari, kuma galibin labaran nan da ka ake riƙe su, da baki ake ruwaito su: wannan ya ce nasa tun zamanin Sarkin Kano Sanusi na farko aka sayo shi, wancan ya ce nasa ya girmi mulkin kai, wani kuwa ya dafa sirdi ya ce kakansa ne ya saye shi a kanti da kuɗin gyaɗar kaka guda. Ba na tuhumar masu waɗannan riwayoyi da ƙarya, gama ɗan Adam yakan ƙara wa abin da yake ƙauna shekaru ba da saninsa ba. Amma tun da yake waɗanda suka ƙera kekunan nan sun bar hatiminsu a jikin ƙarfe, da haruffa da alƙaluma waɗanda rana da damina suka kasa shafewa, ya kamata mai neman tahaƙiƙi ya koyi karanta su, ya kuma san haddin abin da suke iya faɗa masa. Fanni ne ƙarami wanda masu tara tsofaffin kekuna a Ingila da Amurka suka daɗe suna yi wa hidima, har akwai ƙungiyarsu a Ingila mai suna Veteran-Cycle Club wadda asalinta ke komawa ga shekarar 1955, alhali kuwa mu da kekunan nan suka yi wa bauta shekara da shekaru, suka kai malami makaranta, suka kai manomi kasuwa, suka kai masinja gunduma, ba mu cika waiwayarsa ba.

In za a yi zancen tsohon keke a wurinmu, to, ba makawa a fara da Raleigh, domin shi ne dattawa ke ambata da girmamawa, kuma a kansa aka fi yin gardama a rumfunan masu gyara. Asalinsa wata 'yar maƙera ce a wani titi mai suna Raleigh a birnin Nottingham na Ingila, inda waɗansu masu sana'a suka fara harhaɗa kekuna a 1885, shekarar da John Kemp Starley ya fitar da keken nan mai ƙafafu kusan daidai da sarƙa a baya wanda ya zama uban duk kekunan da muke hawa yau. Wani lauya mai suna Frank Bowden, wanda ya tara dukiya a Hong Kong ya komo gida ba lafiya, likita ya ba shi shawarar hawan keke, ya hau ya ji daɗin jikinsa, sai ya zuba kuɗinsa a maƙerar, ya mai da ita kamfani a ƙarshen shekarun 1880. Zalɓen nan da ke tsaye a tambarin gaban keken, daga alamar gidan Bowden aka ɗauko shi. Kamfanin ya yi ta haɓaka yana haɗiye 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, Humber a 1932, Rudge-Whitworth a 1943, Triumph a 1954, sashen kekuna na BSA a 1957, har ya zamana a 1951 kaɗai ya ƙera keke fiye da miliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa daga ciki jiragen ruwa ne suka kwashe zuwa ƙasashen waje. A lokacin, namu rabon yakan sauka Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da shi Zariya da Kano, manyan kantunan Turawa irin su UAC su baje shi daidai lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga ke shiga hannun talakawa.

Abu na farko da ya wajaba a fahimta shi ne, masana'anta ba ta buga lamba a jikin firam don amfanin masu tarihi ba. Ta buga ne don lissafin kanta, don ta san adadin abin da ya fita daga hannun ma'aikata, don dillali ya rubuta a rasit, don kuma in an sace keke a sami abin da za a gaya wa 'yan doka. Saboda haka ba a yi mata tsari guda wanda ya ɗore ba, kuma ba a ajiye ta a wuri guda ba: a waɗansu shekaru tana can saman bututun da sandar sirdi ke shiga, a gefe ko a bisa, a waɗansu tana ƙarƙashin firam, a ƙasan gidan da sandar feda ke juyawa, sai an kifa keken an ɗaga ƙafafunsa sama kafin a gan ta, a waɗansu kuma tana kan ɗan faffaɗan ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ta hagu. Wurin da aka same ta ma dalili ne mai zaman kansa, tun kafin a karanta abin da ta ƙunsa.

Karanta ta kuwa sai da haƙuri. Keken da ya yi shekara hamsin a kan hanya, fenti nawa ya sha, ga baƙin mai da ƙura sun daskare sun zama kamar kwalta, ga tsatsa ta ci gefen alƙaluman. Kada a yi gaggawar ɗauko zarto ko samfefa mai kaushi, domin bugun lambar ba shi da zurfi, sau da yawa ma da hannu aka yi shi, alƙalami ɗaya ya nutse, na kusa da shi ya tsaya a sama-sama, kuma gugar ƙarfi guda tana iya tafiya da abin da ba zai komo ba har abada. A jiƙa tsumma da kananzir a yi ta shafawa har dattin ya saki, a bi da tsohon buroshi, sa'an nan a goga alli a wurin a share da tafin hannu, sai farin ya zauna cikin ramukan, lambar ta fito. In an haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, inuwa takan bayyana abin da ido bai gani da rana tsaka ba. A nan ne ake yawan tuntuɓe, a ɗauki 3 a matsayin 8, ko 1 a matsayin 7, ko harafin B a matsayin 8, ko S a matsayin 5, kuma kuskuren harafi guda yana iya kai mutum wata masana'anta dabam a wata nahiya dabam. Abin da ya fi, a rubuta abin da aka gani kamar yadda aka gan shi, a sa alamar shakka a inda ake shakka, kada a cike gurbi da zato.

Lambobin Raleigh na farkon zamani, tun daga shekarun 1880 har zuwa wajen 1925, alƙaluma ne zalla masu bin juna, kuma su ne suka fi sauƙi, gama takardun kamfanin da ke ajiye a gidan adana tarihi na lardin Nottingham sun ba masu bincike damar jera su shekara-shekara. Daga nan sai aka koma alƙaluma da harafi ɗaya ko biyu a haɗe da su, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1970, wanda shi ne zamanin da kekuna suka fi kwararowa ƙasarmu, tsarin ya yi ta sauyawa, har ma akan sami tsari biyu ko uku suna tafiya tare, kowane sashe na masana'anta da nasa. Sai wajen 1974 aka daidaita abin ya zama ramzi sosai, irin wanda malamanmu na da ke rufe waƙoƙinsu da shi, haruffa su tsaya a madadin shekara: harafin farko masana'anta, na biyu yankin shekarar da aka ƙera firam, alƙalamin da ke biye kuwa ƙarshen shekarar, sauran kuma lissafin bi-da-bi. Harafin N na Nottingham ne, W na Worksop inda a da ake ƙera kekunan tsere, G na Gazelle a ƙasar Holan, R na Kanada, M na Malesiya. Wanda ya ga lamba ta fara da N, wani harafi ya biyo, sa'an nan 6, yana da hujjar cewa a Nottingham aka yi firam ɗin a shekara mai ƙarewa da 6.

Amma fa a lura, shekara mai ƙarewa da 6 aka ce. Alƙalami guda ba ya bambanta 1976 da 1986, sai an nemi wani dalili daga waje. Haka kuma ranar da aka buga wa firam lamba dabam take da ranar da aka yi masa fenti, dabam da ranar da aka ɗaura masa ƙafafu, dabam kuma da ranar da mai shi ya tura shi ya fita daga kanti. Firam yana iya kwana watanni a sito, balle wanda aka aiko a wargaje cikin akwati don a harhaɗa a nan, ya ƙetare teku, ya jira kwastan, ya jira kaka. Don haka lambar firam, duk da darajarta, shaida ɗaya ce, kuma kowa ya san alƙali ba ya yanke hukunci a kan dukiya da bakin mutum ɗaya in akwai halin a kira na biyu. A ganina wannan shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya, kuma mafi yawan kurakuran da ake yi daga mantawa da shi suke tasowa: mutum ya sami jadawali a intanet, ya ga lambarsa ta yi kama da wani layi, ya ɗauki zanni ya mai da shi yaƙini.

Shaida na biyu, wanda masana suka fi amincewa da adalcinsa, yana cibiyar ƙafar baya. A 1902 aka kafa Sturmey-Archer a ƙarƙashin inuwar Raleigh, don ƙera giya uku da ke ɓoye cikin cibiya, ba ruwanta da ƙura ko taɓo. Sunan Henry Sturmey da James Archer aka sa mata, ko da yake masu tarihin abin, irin su Tony Hadland wanda ya rubuta littafi sukutum a kanta, sun nuna cewa wani injiniya mai suna William Reilly ne ke da kaso mafi girma a ƙirƙirar. A 1936 suka fitar da samfurin da ake kira AW, wanda aka yi ta ƙerawa shekaru fiye da sittin ba tare da wani babban sauyi ba. Abin da ya sa cibiyar nan ta zama abin ƙauna ga mai bincike shi ne, ba ta magana da ramzi: in ka goge ta da kananzir, a ƙarƙashin sunan kamfani za ka ga haruffan samfuri, kusa da su alƙaluma biyu na shekara, sa'an nan lambar wata. In ka ga 62 da 8, to, watan Agusta ne na 1962, ba tawili. Na gabanin yaƙi kuwa alƙalami ɗaya suke ɗauke da shi a gefen haruffan, 9 ta tsaya wa 1939. Cibiyar gaba mai ba da wutar fitila, wadda suke kira Dynohub, ita ma da irin wannan hatimi take zuwa. A bisa al'ada keke yakan fita daga masana'anta 'yan watanni bayan ranar da ke jikin cibiyarsa.

To, a nan ne hanyarmu ta rabu da ta Turawa. Mafi yawan kekunan da aka kawo mana ba su da giya. Doki ne na aiki, ƙafa inci 28, birki na sandunan ƙarfe, kariya mai ɗaukar buhu, waɗansu ma da sanda biyu a sama don nauyi, a bayansu kuwa firiwil ne kawai a kan cibiyar da ba ta faɗin komai. Wanda ma ya zo da giya, ƙafar baya ita ce ta fi kowane sashe shan wahala, ita ke ɗaukar mutum da kayansa da wanda ya goya, kuma ita ake fara sauyawa. Sau da yawa za ka tarar da cibiyar 1955 a jikin firam na 1978, don wani mai gyara ya ciro ta daga gawar wani keke ya ɗaura, ko kuwa akasin haka. Shaidar tana da gaskiya a kan kanta, sai dai ba ta halarci haihuwar wannan keken ba. Mai lura yakan duba ko tsufan wayoyin ƙafar da na rim ya yi daidai da na sauran jiki, ko ƙafar gaba da ta baya 'yan gida ɗaya ne, kafin ya karɓi maganarta.

Akwai wata hujja da na fi so duk cikinsu, domin ba a buga ta da niyyar a karanta ba, saboda haka ba mai tunanin ya gurɓata ta, kuma masu gyaran kekenmu sun san ta da hannu tun kafin su san dalilinta. Ita ce zaren noti. Masana'antar Nottingham ta riƙe nata ma'auni, zare 26 a kowane inci, a gidan feda da wuyan keke, alhali sauran maƙeran Ingila, musamman na Birmingham inda Hercules da Phillips suke, zare 24 suke yanka. Shi ya sa za ka ga mai gyara ya ɗauko kofin boris ya fara murɗawa, ya yi zagaye biyu ya cije, sai ya girgiza kai ya ce wa mai keke, Malam, wannan ba ya cin kayan kowa sai nasa. Amfanin wannan ga tarihi kuwa babba ne, ga dalili. Hercules, wanda 'yan'uwa biyu Edmund da Harry Crane suka kafa a 1910, da Phillips mai tambarin zaki, duk sun shiga hannun wani babban kamfani mai suna Tube Investments. A 1960 wannan kamfani ya sayi Raleigh, ya haɗa kekunansa duka a ƙarƙashin shugabancin Nottingham, sannu a hankali aikin ya koma can. Daga nan sai aka ci gaba da fitar da kekuna masu suna Hercules da Phillips, amma a kan injunan Raleigh, da zaren Raleigh. Ke nan in ka sami Phillips mai zare 24, ɗan Birmingham ne na gabanin haɗewar ko daf da ita. In kuwa 26 ne, to, bayan 1960 aka haife shi, ko me tambarinsa ya ce. Lambobin firam na waɗannan kamfanoni biyu ba su da jadawalin da za a dogara da shi, don haka sau da yawa zaren nan shi ne kaɗai ke raba gardama.

Sauran alamomin jiki suna taimakawa gwargwadon hali. Kafaɗar fok na Raleigh bututu ne a kwance, da ɗan farin murfi mai loɓawa a kowane gefe, ba ta ɓoyuwa ga wanda ya taɓa ganinta. Faifan sarƙa kuwa kowane gida da zanensa: zalɓe uku a na Raleigh, tafin hannu a na Rudge, waɗansu 'yan mutane riƙe da juna a na Humber, sunan kamfani a huje a na Phillips, bindigogi uku a jingine kuma alamar BSA ce. Farin da ke jikin kan keke da feda, in ya ja zuwa rawaya-rawaya mai laushi, nikel ne, wanda aka yi amfani da shi kafin kurom ya karɓe wuri a wajen 1930. In kuwa an tarar da waɗannan sassa baƙi ƙirin tun asali, akwai alamar zamanin yaƙi, lokacin da aka tsimi ƙarafa don makamai. Waɗannan duk ƙarinai ne, suna ƙuntata tsakanin shekaru, ba su tsai da rana.

Ba kowace masana'anta ce ta wahalar da mutane kamar Raleigh ba. Schwinn ta Shikago a Amurka, wadda aka kafa a 1895, ko da yake gobara ta cinye takardunta a 1948 ta bar shekarun baya cikin duhu, daga 1965 ta bi tsari mai sauƙi, harafin farko wata, na biyu shekara, A ta tsaya wa 1965, ana tsallake harafin I don kada ya rikice da 1. Lambar da ta fara da CF ta watan Maris ce na 1970. Daga 1976 ma har ranar da aka gama harhaɗa keken suke bugawa a tambarin gaba da alƙaluma huɗu. Kamfanin Shimano na Japan shi kuma yana sa haruffa biyu ƙanana a bayan kayansa, na farko shekara, A ita ce 1976, na biyu wata, don haka GC na nufin Maris na 1982. Wannan yana da amfani a gare mu ƙwarai, saboda kekunan gwanjo masu giya da suka cika kasuwanninmu daga baya, galibinsu da kayan Shimano suke zuwa, kuma in birki da giya da feda duk suka yi ittifaƙi a kan shekara guda, magana ta kusa ƙarewa.

Sai kuma batun jabu, wanda ba a iya tsallake shi. Siffar keken Ingila mai birkin sanda ta zama gadon duniya: Flying Pigeon na Tianjin tun 1950, Phoenix na Shanghai tun ƙarshen shekarun 1950, Atlas da Avon da Hero na Indiya tun shekarun 1950 su ma, duk a kan wannan ƙira suka tashi, kuma ba laifi ba ne, kekuna ne da suka yi aikinsu da sunansu, Phoenix ma har ya zama abin alfahari a garuruwa da yawa daga Kano har Tamale. Laifin yana wurin wanda zai ɓamɓare tambarin zalɓe daga mataccen keke, ya kafa shi a goshin ɗan Indiya ko ɗan Sin, ya sa kwali da fenti, ya sayar da sunan ɗan Ingila. Wannan tadlisi ne tsantsa, kuma ana kama shi da abubuwan da muka ambata: a duba ƙusoshin da suka riƙe tambarin, ko na asali ne ko sababbi, ko akwai tsofaffin huji da aka toshe, a duba kafaɗar fok, a gwada zare. In kuwa aka tarar wurin lamba ya yi sumul fiye da kewayensa, ko ya ɗan faɗa ciki, ko alƙaluman sababbi ne a kan ƙarfen da aka goge, to, wannan keke ya taɓa ratsa hannun da bai kamata ba, kuma shawarata ga mai saye ita ce ya bar shi, kome arharsa.

Bayan ƙarfe sai takarda, kuma a nan muna da abin da ya fi na kowa. Dattawanmu ba su wasa da rasit ɗin keke, gama shi ne kariyarsu ranar da aka tare su a hanya, kuma akan same shi har yau a ƙasan adaka, a naɗe tare da takardun gona. Rasit ɗin kanti yakan ɗauki suna da kwanan wata da lambar firam, don haka in lambar da ke takarda ta dace da ta jikin ƙarfe, an sami bayyina wadda ta fi kowane jadawali. Ko da kwanan watan ya goge, kuɗin da aka rubuta yana magana: fam da sule sun tsaya a ƙarshen 1972, naira da kwabo suka fara ranar 1 ga Janairu 1973. Takardar lasin da ke ɗauke da hatimin En'e ita ma ta gabanin gyaran ƙananan hukumomi ce na 1976. Riwayar baka kuma ba abin yarwa ba ce, in an bi ta da tambaya irin ta masu isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma ya gani ne ko ji ya yi, da wane abu ya haɗa sayen? Wanda ya ce mahaifinsa ya sayi keken da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya ba ka tsakiyar shekarun 1970 ke nan, kuma in lambar ta fara da N, alƙalaminta na shekara 4 ne, riwaya da ramzi sun gaskata juna.

Ga yadda ake auna su in sun taru. Firam shi ne keke, sauran duka tufafi ne, saboda haka abin da ke jikin firam ba ya cirewa, watau lamba da zare da yanayin haɗin bututu, shi ke gaba. Abin da ake kwancewa da sifana yana biye, kuma ba a karɓarsa sai an tabbata tare suka taso. Takarda mai lamba tana rinjayar jadawali. Jadawali yana rinjayar riwayar da ba ta da madogara. In dalilai suka yi karo, ba a zaɓar wanda ya fi daɗi a zuciya, sai a nemi abin da ya haddasa saɓanin, wanda sau da yawa shi kansa wani babi ne na tarihin keken. In kuma abin bai kai ga shekara guda ba, a tsaya inda hujja ta tsaya, a ce tsakanin 1961 da 1972, wannan amsa ce ta ilimi, ta fi shekara guda da aka ƙaga.

Akwai wata ɗabi'a ta masu tara kekuna a Turai da ba na so mu ara, ita ce raina keken da aka sauya wa kaya, a ce ba na asali ba ne. A wurinsu keken da ya kwana shekara arba'in a ɗaki ba a hau shi ba shi ne mai daraja. Namu kuwa, firam na Nottingham da fok na Indiya da sirdin da dukawa suka sake wa fata da waldar da aka yi masa a bakin kasuwa, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da shekararsa da dalilinsa. Fok ɗin ya shigo ne lokacin da kayan Ingila suka yi tsada ko suka ɓace daga kanti, waldar kuwa tana daidai inda buhu ya fi dannawa. Mai bincike na gari yana rubuta su duka, bai kamata ya ɓamɓare su ya zubar don neman kamannin kasida ba. Abin da nake roƙo kawai ga masu fenti da masu walda shi ne su tausaya wa wurin lamba, kada a cike shi da fenti mai kauri, kada a ɗora masa wuta in akwai wata hanya.

Masana'antar Nottingham ta daina harhaɗa kekuna a 2002, Sturmey-Archer ta koma hannun SunRace na Taiwan tun 2000, wani yanki na filin ma ya zama harabar Jami'ar Nottingham, sunan Raleigh kuma kamfanin Accell na Holan ya saye shi a 2012. Jadawalan da ke yawo yau ba kamfani ne ya sauko da su cikakku ba. Mutane ne irin su Sheldon Brown, wani mai gyaran keke Ba'amurke da ya rasu a 2008, da waɗanda suka biyo sawunsa, suka yi ta tattara lambobi keke bayan keke, suna gwada su da ranar cibiya da rasit, har tsari ya bayyana. Sai dai kekunan da suka gina aikin a kansu waɗanda suka zauna a Ingila da Amurka ne, shi ya sa namu na aiki, da waɗanda suka fito daga masana'antar Raleigh ta Bompai a Kano, sukan ƙi shiga layi in an gwada su. Hanyar da suka bi a buɗe take ga ɗalibin tarihi a Bayero ko Ahmadu Bello, ko ma ga mai gyara da ke da littafi da biro a rumfarsa: kowane tsohon keke ya shigo, a rubuta sunan da ke tambarinsa, da lambarsa harafi-harafi, da wurin da aka same ta a jiki, da zarensa, da abin da cibiya ta ce in tana magana, da kwanan watan rasit in akwai, da garin da aka saye shi. Waɗanda suka yi aiki a Bompai da hannunsu, suka ga yadda ake buga lambar da wanda ke buga ta, da sauransu a raye a unguwannin Kano, kuma su ya kamata a fara sallama wa.